ƘURAJEN DA BA SU JIN MAGANI: JAWABI GA IYAYE MATA



Yau za mu yi magana a kan ƙuraje. Kowace uwa ta san ƙurajen zafi, da ƙazuwa, da makero, da ƙyanda. Waɗannan kullum muna ganinsu, kuma akwai maganinsu. Amma akwai wasu ƙuraje da ba a cika gani ba, waɗanda tushensu yana cikin jini.

Cikin ɓargo ake yin jini. Idan sankarar jini ta kama yaro, ɓargon ba ya iya yin ƙwayoyin da ke sa jini ya daskare. Sai jini ya riƙa tsattsafowa ƙarƙashin fata, a ga ɗige-ɗige ja ko baƙi kamar kan allura, ko tabo kamar an doki yaro alhali ba wanda ya taɓa shi. A baƙar fata ganinsu da wuya, don haka a duba tafin hannu, da tafin ƙafa, da cikin baki, da cikin fatar ido.

Ga gwaji mai sauƙi. Ki ɗauki tambulan na gilashi ki danna a kan ƙurajen. Yawancin ƙuraje sukan dushe in an danna. In ba su dushe ba, ki kawo yaro a ranar. In kuwa da zazzaɓi, kada ki jira gari ya waye, domin sanƙarau ma yakan zo da haka.

Ki lura kuma da waɗannan:

1. Haɓo a kai a kai, ko jini a dasashi.
2. Ido da tafin hannu sun yi fari fat, ga yawan gajiya.
3. Ciwon ƙashi, har yaro ya ƙi taka ƙafa.
4. Kaluluwa a wuya ko hammata da ta ƙi sacewa.
5. Farin kumfa a baki da ke ta komowa. Wannan yakan nuna garkuwar jiki ta yi rauni, kamar yadda ƙanjamau ke sawa.

Ke ma uwa ki duba kanki. Akwai cutar da ake kira lupus, inda garkuwar jiki ke juyowa ta yaƙi jikin. Cikin masu ita 10, wajen 9 mata ne. Takan fito da ƙuraje a kumatu da karan hanci, rana na tsananta su, ga ciwon gaɓoɓi da zubar gashi.

Abin da ba a yi: kada a kai wa wanzami ya yi tsaga, jinin na iya ƙin tsayawa. Kada a ba yaro asfirin. Kada a sayi ƙwaya ko man shafawa a kemis ba da izinin likita ba, wasu sukan ɓoye cutar.

Sankarar jini ba ta yaɗuwa, ba sammu ba ce, ba kuma laifin uwa ba ne. Gwajin jini ne ke fara nuna ta, kuma yara da dama sun warke da aka fara magani da wuri.

Ƙurjin da ya yi mako 2 bai ji magani ba, a komo da shi asibiti. Ki gaya wa maigida, ki gaya wa kishiya da maƙwabta.

Allah Ya raya mana zuriya.

Ma'aikatar Lafiya ta Jiha