Jawabin Mai Sharhi a Wurin Ƙaddamar da Littafi a Garbadu

 Ranka ya daɗe uban taro, Allah ya ja zamaninka. Malamai magada annabawa, Allah ya gafarta muku. Iyayenmu mata da ke cikin rumfar can. Baƙinmu da suka taso daga Mafara da Bakura da Maradun, alhali kowa ya san halin da hanya take ciki. Da ku ɗalibai da kuka cika bakin taga: assalamu alaikum wa rahmatullah.

Bayan haka, da aka aiko mini da wannan littafi aka ce in karanta in yi sharhinsa a gabanku, sai da na yi kwana uku ban buɗe shi ba, domin an riga an shaida mini cewa labari ne irin na zamani, na wata duniya da ba a yi ba tukuna, ni kuwa tsohon malamin makaranta ne wanda ya tashi da Magana Jari Ce da Ruwan Bagaja, ina zaton abin da sa'ar ɗiyar cikina za ta rubuta a wannan fanni ba zai wuce kwaikwayon fina-finan Amurka ba. Ran na huɗu na ɗauke shi bayan sallar isha'i da nufin in duba shafi goma, ban ajiye shi ba sai da fitilar ta dushe. Ina neman afuwar marubuciyar a kan wannan mummunan zato, a gaban shaidu.

Ga abin da ke ciki a taƙaice, ba tare da na ɓata wa mai saye daɗin ƙarshensa ba. Wani birni ne mai ganuwa, bayan fari ya cinye ƙasar da ke kewaye da shi, ruwa bai rage ba sai a madatsa guda, makullinta kuwa yana hannun wata majalisa wadda ba a ganin fuskokin mutanenta. Duk yaron da ya shekara bakwai sai a jarraba shi, a ɗaura masa zare a wuyan hannu, launin zaren shi ne sana'arsa har ya mutu, shi ne kuma yawan tulun ruwan da gidansu zai samu. An haramta takarda da tawada. A cikin wannan birni aka haifi wata yarinya da Allah ya hore wa hadda, duk maganar da ta shiga kunnenta sau ɗaya ta zauna ke nan, da muryar mai ita da ranar da ya faɗe ta. Da majalisa ta gane haka, sai ta ɗauke ta daga gidan ubanta, ta ba ta ɗaki da katifa da sabulu mai ƙanshi da ruwan wanka kullum, ta mai da ita kundinta: a zagaya da ita kasuwa da bakin rijiya, da dare ta karanto wa magatakarda abin da kowa ya ce.

Turawa suna kiran wannan fanni distofiya, kishiyar Yutofiya, wato sunan da Thomas More ya raɗa wa tsibirinsa na adalci a 1516. Amma malamanmu sun san cewa tun kafin haka da ƙarnuka Alfarabi, wanda ya rasu wajen shekara ta 950, da ya siffanta birni mafifici, bai tashi ba sai da ya siffanta kishiyoyinsa, birnin jahilci da birnin fasiƙanci da ɓataccen birni, domin hankali ba ya riskar lafiya sai ya san cuta. George Orwell ya fitar da littafinsa 1984 a 1949, wani littafin nasa kuma Bala Abdullahi Funtuwa ya mayar da shi Hausa da sunan Gandun Dabbobi a 1975. Daga baya aka juya fannin zuwa ga matasa: Lois Lowry ta rubuta The Giver a 1993, labarin yaro mai shekara goma sha biyu da aka ɗora wa riƙon tunanin al'umma duka, Suzanne Collins kuma ta fitar da The Hunger Games a 2008. Marubuciyarmu ta karanta The Giver, alamarsa tana nan a jikin aikinta, ban kuwa ga aibi a ciki ba, tun da Abubakar Imam kansa ya ɗebo daga Larabawa da Turawa da Indiyawa ya dafa mana tuwon gida.

Sai dai tushen labarin ya fi wannan zurfi a wurinmu. Wanda duk ya zauna gaban malami aka biya masa Riyadus Salihin ya ji hadisin Suhaibu, wanda Muslim ya ruwaito, na sarki da matsafinsa da yaro: matsafi ya tsufa, ya roƙi sarki ya aiko masa da yaro ya koya masa sihiri don kada sana'ar ta mutu da shi, yaron kuwa a kan hanyarsa ya riƙa tsayawa wurin wani mai bautar Allah yana sauraro, har abin ya ƙare da imanin jama'ar gari da ramukan wuta. Ku lura da farkon ƙissar, domin a nan hikimar take. Azzalumi in ya ga yaro mai basira, kashe shi ba shi ne tunaninsa na fari ba. Abin da yake fara yi shi ne ya jawo shi jiki, ya ciyar da shi, ya ba shi aiki. Annabi Musa, amincin Allah ya tabbata a gare shi, a gidan Fir'auna ya yi wayo. A adabinmu na boko ma, Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda ya fito a 1934, labarin yaro ne mai hazaƙa da duniyar bauta ta raba da uwarsa, Umaru Dembo kuma ya ɗaga yaron Hausa ya kai shi sararin samaniya a Tauraruwa Mai Wutsiya tun 1969.

Wannan sirri marubuciyarmu ta gane shi, shi ne kuma abin da ya ɗaga littafinta bisa tsaransa. Ba ta yi wa yarinyar kwalliyar jarumta ba. Ta nuna mana ita tana jin daɗin katifar, tana sunsunar hannunta bayan wanka, tana jin kunyar kaushin ƙafar uwarta ran da aka bar ta ta kai ziyara. Akwai wuri guda da na karanta sau uku. An kai ta gida ta kwana, uban yana cin tuwo a tsakar gida, ya ɗaga tulun ya ji shi sakayau, sai ya faɗi magana guda a kan majalisa, irin wadda kowane magidanci kan faɗa in ya gaji. Kafin ya rufe baki ya tuna wadda ke zaune a kan tabarma, loma ta tsaya masa a hannu, uwa ta sunkuyar da kai, gidan ya yi tsit. Washegari magatakarda ya tambaye ta abin da ta ji, yarinyar da ba ta taɓa mance komai ba ta dube shi ta ce ta manta. Na san a cikin malaman da ke nan akwai wanda zai ce ai ƙarya ta yi. Na bar muku mas'alar, ku ne ma'abota fiƙihu, kun kuma fi ni sanin abin da aka ce game da wanda azzalumi ya tambaya ina wanda yake nema ya ɓuya.

Wani dattijo, da ya ji abin da littafin ya ƙunsa, ya ce mini me zai sa a tsoratar da yara da duniyar ƙage. Na ce masa, Allah ya ba ka haƙuri, wane yaro ne a ƙasar nan ke jiran littafi ya koya masa tsoro? Madatsar da ke cikin labarin ba daga Turai aka aro ta ba. Bakolori tana nan kusa da mu, an gama ta a 1978, kuma ranar 28 ga Afrilu 1980 'yan sandan kwantar da tarzoma suka buɗe wuta a kan manoman da suka tsaya neman diyyar gonakinsu, har yau ba a daidaita a kan adadin waɗanda suka kwanta dama ba. Ranar 26 ga Fabrairu 2021 aka shiga makarantar 'yan mata ta Jangebe cikin dare aka sace ɗalibai, 279 suka dawo bayan kwanaki. A watan Agusta na shekarar aka afka wa kwalejin aikin gona ta Bakura, ranar 1 ga Satumba aka kwashi ɗalibai a Kaya ta ƙasar Maradun. A wannan watan ne aka katse layukan waya a jihar nan, aka rufe kasuwannin mako, don a toshe wa 'yan bindiga hanya, mutum ya koma sai ya yi tafiya zuwa wata jiha kafin ya ji muryar ɗansa. Akwai ƙauyukan da manomi ba ya girbe abin da ya shuka sai ya biya mutanen daji haraji, akwai kuma kalmar infoma, wadda ta sa maƙwabci ya riƙa auna maganarsa a gaban maƙwabci. Yaron da ya tashi cikin wannan, in ya ga yarinyar da aka mayar kunnen azzalumai, ya san abin da yake karantawa, ya kuma san ba manya kaɗai ake jawowa wannan aiki ba.

Saboda haka ina roƙon iyaye kada su ƙwace shi daga hannun 'ya'yansu. An taɓa tara littattafan Hausa a Kano a 2007 aka cinna musu wuta a bainar jama'a da sunan gyaran tarbiyya, rubutu bai tsaya ba, sai dai ya koma cikin waya inda ba uban da ke ganinsa. Gara ku karɓa ku karanta tare, in kun ga abin gyara ku faɗa.

Ni ma ina da nawa gyaran, domin sharhin da babu gyara a cikinsa kirari ne. Na farko, kashi na ƙarshe ya yi gaggawa, kamar mai dafa abinci da ta ji baƙi sun iso; ganuwar da aka shafe shafuka ana gina mana ita ba ta kamata ta tsage cikin babi biyu ba. Na biyu ya fi nauyi, kuma cuta ce ta fannin baki ɗaya, daga Amurka har nan: a ɗora ceton al'umma a kan yaro guda zaɓaɓɓe, sauran jama'a su zama 'yan kallo. Manoman Bakolori ba su da wani zaɓaɓɓe, talakawa ne da suka tare hanya da jikinsu, kuma ko a hadisin da na ambata, labarin bai cika ba sai da mutanen gari suka tsaya a bakin ramin da kansu, har da mace mai goyo. Ina son in ga uwar yarinyar nan, mai kaushin ƙafa, an ba ta abin yi a littafi na biyu, wanda na ji an ce an fara. Na uku ƙarami ne, kurakuran ɗab'i, musamman ƙugiyar ƙa da ɗa da ɓa da ta faɗi a wurare da dama, har wani wuri ƙasa ta koma kasa. A gyara a bugu na gaba.

Ke kuma ɗiyata, Allah ya yi miki albarka, ya ƙara basira, ya tsare ki daga masu son su saye ta. Ranka ya daɗe, na cinye lokacin da aka ba ni har na taɓa na wani. Littattafan suna nan a kan tebur, ina roƙon masu hali kowa ya sayi fiye da guda, a bar wasu a makarantun 'yan mata na Mafara da Bakura da Maradun. Ina gayyatar babban mai ƙaddamarwa ya matso ya buɗe mana.