Jawabi a Bikin Yaye Matasan Sa-kai na Kiwon Lafiya, Tamawa

 

Waɗannan yara sun koyi wanke rauni, sun koyi haɗa ruwan gishiri da sukari, sun zaga gida-gida kan rigakafi. Madalla. Alawus ɗinsu kuwa, ranka ya daɗe Shugaban Ƙaramar Hukuma, na ga ka sunkuyar da kai, to na bari sai mun keɓe.

Maganar da ta tsayar da ni ita ce ta masu tabon ƙuna. Tun gobarar tankar mai ta Majiya a Jigawa, a Oktoban 2024, ake lissafin waɗanda suka rasu, Allah Ya jiƙansu. Waɗanda suka rayu fa? Ga namu nan, yaron da tukunyar kunu ta kife masa, da mai sayar da fetur a galan.

Gumi ne ke sanyaya jiki. Ƙuna mai zurfi tana cinye ƙofofin gumi, kuma ba sa dawowa, ko an yi dashen fata a asibitin Dala a Kano. Tafin hannun mutum da yatsunsa kusan kashi 1 ne cikin 100 na fatarsa, sai ku auna faɗin tabon da shi. In tabon ya yi faɗi, zafin Afrilu, da ke haura digiri 40, taruwa yake yi a cikin jiki. Sai jiri, sai amai, sai faɗuwa.

Amma me muke cewa in mai tabon ya nemi inuwa ana tsakiyar sharar gona? Rago!  Ba lalaci ba ne. Kuma kada a zaunar da shi, domin rashin motsi ƙara ɗaure tabo yake yi. Ya yi noma, ya buga ƙwallo, amma da sassafe ko bayan la'asar. Ya fara kaɗan-kaɗan har jiki ya saba, ya sha ruwa, ya jiƙa riga, iska ta bi ta kai. In ya fara sambatu, a kwarara masa ruwa, a garzaya asibiti, ba wurin mai rubutu ba.

Ɗalibai, ku matso a ba ku takardunku.