Riƙo da Matsayin Macen da Ba Ta Haihu Ba



A Ƙaura Namoda da Shinkafi da Zurmi, kamar sauran ƙasar Hausa, idan aure ya shekara uku babu ciki, mace ake duba. Ita ake kira juya, ita ake ɗura wa saiwoyi da rubutun sha, ita kuma ake yi wa kishiya, alhali kuwa likitoci sun tabbatar cewa sau da yawa matsalar daga namiji take. Wannan zalunci ne, ko da an saba da shi.

Duk da haka al'ada ta tanadar mata riƙo. Lokacin yaye, wa ko ƙane yakan ɗauki ɗiyarsa ya miƙa wa 'yar'uwarsa, ta goya ta, ta sa ta makarantar allo, ta tara mata kayan ɗaki har ta aurar da ita. Baba ta Karo, wadda Mary Smith ta rubuta tarihinta a ƙasar Zazzau aka buga a 1954, aure huɗu ta yi ba ta haihu ba, amma ta reni 'ya'yan dangi, ta tsufa ana jin maganarta. Malamai kuwa sukan tuna wa irin waɗannan mata cewa Nana A'isha ba ta haihu ba, kuma da sunan ɗan 'yar'uwarta Asma'u aka yi mata alkunya da Ummu Abdullahi.

Sai dai shari'a ta yi iyaka. Suratul Ahzab ta hana jingina yaro ga wanda ba ubansa ba, kamar yadda aka mayar wa Zaidu sunan mahaifinsa Harisa. Saboda haka ɗan riƙo ba ya gadon mariƙiyarsa. Nan ake yawan sakaci: mace ta yi shekara ashirin tana reno, ranar da ta rasu magada su raba gida da gona, yaron ya fita da tufafin jikinsa. Ga shi kuwa an halatta mata wasiyya har sulusin dukiyarta, ko kyauta tun tana raye a gaban shaidu.

Hare-haren 'yan bindiga tun wajen 2011 sun bar marayu masu yawa a ƙauyukan Zurmi da Shinkafi. Riƙon da aka sani tsakanin dangi yake, da yawa cikin waɗannan yara kuwa dangin nasu ne aka kashe ko aka tarwatsa. Mai son ɗaukarsu sai ya bi ta hannun mai unguwa da hakimi, a rubuta sunan mahaifin kowane yaro da garinsu kafin masu shaida su watse.