Ƙiba Da Hawan Jini: Jawabin Da Aka Gabatar A Taron Wata-Wata Na Ƙungiya

 

An ce in yi magana a kan hawan jini. To, zan kama ta wajen da ba mu son ji, wato ƙiba. A wurinmu in mutum ya zo kurmi siriri, bayan shekara goma ya koma gida da tumbi, sai a ce kudu ta karɓe shi. Ba a tambayar abin da tumbin nan ke yi wa zuciyarsa.

Ga yadda abin yake. Duk naman da ya ƙaru a jiki yana bukatar jini, saboda haka zuciya sai ta ƙara aiki. Amma mafi sharri shi ne kitsen da ke taruwa a cikin ciki, kewaye da hanji da ƙoda. Yana matse ƙoda, yana kuma sa ta riƙe gishiri da ruwan da ya kamata su fita ta fitsari. Ruwa ya yi yawa a jijiya, sai awo ya hau. Mai ƙiba da ke minshari har numfashinsa ya riƙa ɗaukewa cikin barci, shi ma wannan yana ta da jini.

Likitoci na cewa akwai hawan jini idan awo ya kai 140 bisa 90 ko fiye, aka sake aunawa wata rana aka same shi haka. A rahotonta na 2023, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce baligi ɗaya cikin uku na da cutar, kuma kusan rabinsu ba su sani ba. Ba ta cika ciwo ba, sai dai a ji wane ya faɗi a shago, ɓarin jiki ya shanye. Allah Ya kiyashe mu.

Ku dubi zamanmu a nan. Ɗan canji da mai shago suna zaune daga safe har isha'i. Direban tirela kwana yake a kujera. Wanda a gida noma yake yi, yanzu ko masallaci sai a kan babur. Ga shayi da madara da sukari cokali huɗu, ga teba da miyar manja, ga tsire da lemon kwalba da dare. Babbar riga kuwa rufin asiri ce, zariyar wando kaɗai ta san gaskiya.

Kada siririn mutum ya ce ya tsira, domin wani hannuwansa sirara ne amma cikin ya fito. Ga awo mai sauƙi: a sami igiya daidai tsawonka, a ninka ta biyu, a zagaya ciki wajen cibiya. In ba ta haɗu ba, kitsen ya yi yawa. Da tef ɗin tela kuwa, namiji ya yi hattara in ya wuce inci 37, mace inci 31 da rabi.

Abin farin ciki, hanyar tana komawa baya. Bincike ya nuna duk kilo ɗaya da mai ƙiba ya rage, awon jininsa kan sauka da kamar maki ɗaya. Tafiyar ƙafa ta rabin awa, kwana biyar a mako, tana taimakawa ƙwarai. Gishiri kada ya wuce ƙaramin cokali ɗaya a yini, a lissafa har da na dunƙulen magi. Iyayenmu mata, a sassauta wa mai jego kunun kanwa, domin kanwa 'yar'uwar gishiri ce.

Wanda likita ya riga ya ɗora a kan magani, don Allah kada ya daina wai don ya rame ko ya ji sauƙi. Ya koma a auna shi, likita ne zai ce a rage ko a ci gaba.

Mai tambaya yana iya ɗaga hannu. Wassalamu alaikum.