Me Ya Sa Kake Gane Kowace Kalma Amma Jimlar Ta Kuɓuce Maka?

 

Yau batunmu shi ne salon maganar Turanci, irin wanda kalmominsa ke faɗin abu ɗaya, ma'anarsa kuma tana can wani wuri. Kada ku ɗauke shi da wasa. A JAMB, Turanci wajibi ne ga kowa, tambayoyi 60 cikin 180. WAEC da NECO ma suna kawo irin waɗannan jimloli, kuma in babu kiredit a Turanci, ko Abdu Gusau Polytechnic da ke nan Mafara sai ta yi maka wuyar shiga.

To, mu fara da Hausarmu. In an ce wane ya sha kashi, ai kowa ya san duka ya ci. Ka fassara wa Bature kalma bayan kalma ka ga yadda zai yamutse fuska. Haka nasu yake a wurinmu. In ka ji "he is pulling your leg", ba ruwan ƙafarka a ciki, zolayarka yake yi. Tarkon masu jarrabawa ke nan: sai su sa maka fassarar kalmomin cikin zaɓi, kai kuma ka yi caraf ka ɗauka.

Dabara ta farko, nemo wa kowanne ɗan uwansa na Hausa. "Once bitten, twice shy" shi ne wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. "Strike while the iron is hot" kuwa, ai mun daɗe muna cewa da zafi-zafi ake dukan ƙarfe.

Ta biyu, nemi hoton da ke ciki. "Make hay while the sun shines" daga manoman Ingila ya fito, masu gaggawar busar da ciyawa kafin ruwa ya sauko. Manomin Bakura da ya shanya shinkafa yana kallon hadari ba sai an yi masa dogon bayani ba. "Water under the bridge" kuma, tuna ruwan da aka saki daga dam ɗin Bakolori: ya wuce, ba ya dawowa. Wato abin da ya faru ya faru, a bar shi.

Ta uku, san wurin faɗa. "Kick the bucket" na nufin mutuwa, amma kamar ka ce ya sheƙa barzahu ne. Wallahi kada ka kuskura ka rubuta shi a saƙon ta'aziyya. Can "passed away" ake cewa, kamar yadda muke cewa ya riga mu gidan gaskiya.

Kada ku haddace ɗari a dare ɗaya. Uku a mako sun isa, amma kowanne ku sa shi a jimlarku, ku gwada shi a hira da aboki.

Aikin wannan mako: wane karin maganar Hausa ne ya dace da "don't count your chickens before they hatch"? Mu ji amsarku kafin shiri na gaba.

Allah ya ba masu jarrabawa sa'a. Sai mun sake haɗuwa.