Jawabin Sakataren Kwamiti Kan Gasar Muhawara

Malamanmu iyayenmu, 'yan'uwana tsofaffin ɗalibai, shugaba ya umarce ni in bayyana ƙa'idojin gasar muhawarar da za mu ɗauki nauyinta tsakanin makarantun Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa.

Kowace makaranta za ta turo ɗalibai 3. Jagora yana da minti 5, mataimakansa minti 3 kowanne. Da an kaɗa ƙararrawa sai a zauna. Goyon baya ko adawa kuwa, ƙuri'a ce za ta raba. Hujja ta fi zaƙin Turanci maki, domin hadda ba muhawara ba ce.

Sai batun alƙalai. In Faskari ta kara da Sabuwa, daga Ƙanƙara za su zo. 'Yan ajinmu ba su manta ranar da malamin abokan karawarmu ya zauna kujerar alƙali ba. Har yau abin yana ci mini rai.

Za a fara ƙarfe 9 na safe, a tashi kafin azahar. Tun sace ɗaliban Ƙanƙara a Disambar 2020, ba uban da zai ba mu ɗansa in yamma za ta riske shi a hanya.