KADA KA CI IRINKA: ABIN DA FARIN 1973 YA KOYA MINI



Yau a kan iri zan yi muku magana. Amma bari in fara da abin da na gani da idona.

Kakanninmu sun ba mu labarin yunwar Kakalaba ta 1914. Mu kuwa tamu ita ce ta farin 1972 da 1973. Lokacin ina yaro, ina bin mahaifina gona. A 1973 sau uku muka yi shuka. Ta fari ta tsiro, rana ta ƙone ta. Ta biyu ma haka. Ta uku ta kama, amma gero na cikin fid da kai ruwa ya ɗauke. Abin da muka ɗaure bai kai mu tsakiyar rani ba.

Cikin ɗan abin nan Baba ya tsince zangarniyoyi masu ido, ya sussuka, ya gauraya da toka, ya zuba a tulu, ya liƙe bakin da laka. Ya ce, "Wannan ba abinci ba ne."

Muka ci tafasa da yaɗiya da dusa. Muka sayar da sa a kuɗin da bai kai na rago ba. Wata rana Inna ta roƙe shi ya fasa tulun, ko mudu ɗaya a dama wa yara kunu. Ya yi shiru, hawaye na zuba, amma bai fasa ba. Ran nan na ji haushinsa ƙwarai.

Da damina ta faɗi a 1974, ruwa ya kyautata. Kashegarin ruwan shuka muna gona. Maƙwabtanmu da suka cinye irinsu fa? Wasu suka tafi ƙwadago gonar wani don su sami na saye, kafin su shuka tasu lokaci ya ƙure. Wasu suka shuka hatsin agaji da aka kawo daga nesa, wanda bai san ƙasarmu ba, ya yi kara babu ido. Mu yunwar shekara ɗaya muka yi, su kuwa ta biyu.

Fari ya sake dawowa a 1983 da 1984, kuma ba wanda ya san ranar da zai ƙara zuwa. Saboda haka, ɗan'uwana manomi, ga abin da ya kamata ka yi:

1. Ka zaɓi iri tun a gona, kafin girbi. Ka ɗauki zangarniyar da ta riga nuna, mai cika, wadda ba ta da cuta.

2. Ka shanya shi ya bushe sarai. In ka ciza ƙwaya ka ji ta ce ƙas, to ta bushe.

3. Ka ajiye abin da zai isa shuka uku, ba ɗaya ba. Ka raba shi da hatsin ci, kowa a gida ya san ba a taɓa shi.

4. Ka sa shi a tulu ko garwa mai murfi, inda iska da laima da ɓera ba sa shiga. Wake kuwa, buhun nan mai ninki uku yana kashe ƙwari ba tare da magani ba.

5. Kada ka dogara ga abu ɗaya. Ka haɗa gero mai nuna cikin kwana 90 da dawa da wake. Waɗanda suka dogara ga gyaɗa kaɗai sun sha wuya a 1975, da cutar kuturtar gyaɗa ta cinye gonaki a Arewa.

6. Kafin damina ka gwada irin. Ka ƙirga ƙwaya 100, ka naɗe a jiƙaƙƙen tsumma, ka riƙa yayyafa ruwa. Bayan mako guda ka duba. In waɗanda suka tsiro ba su kai 80 ba, ka nemi wani tun da wuri.

7. Kada ka zuba irinka duka a ruwan farko. Ka tona ka ga laima ta shiga ƙasa sosai tukuna.

In kuwa Allah ya hore maka rara, ka tuna da maƙwabcin da ba shi da shi. A shekarar nan Baba ya auna wa gida biyu daga tulunsa, suka biya da kaka.

Tun ran gini ran zane. Mai neman ƙarin bayani ya tuntuɓi malamin gona na yankinsu. Allah ya ba mu damina mai albarka, amin.